Infoman Da Ke Cikin Aljihunka

  Masu saurarenmu na nan Shema da cikin garin Dutsin-Ma, da na Kurfi, da 'yan uwanmu da ke neman abinci a Legas da Fatakwal da Abuja suna bin mu ta waya, duk ina gaishe ku. Kamar kullum, wanda bai da datar sauraren murya, ga rubutun nan an sa a shafi. Ya karanta, in da hali ya karanta ma iyayenmu da ba su iya karatun boko ba, don maganar yau ta shafe su ƙwarai.

Maganar waya za mu yi. Abin da muke zubawa a cikinta, da wanda ke kwasa.

Ina so mu tuna watan Satumba na 2021. Duk wanda ke ƙasar nan a lokacin bai buƙatar a ba shi labari. An wayi gari waya ba sabis. A Zamfara aka fara, farkon watan, bayan 'yan kwanaki abin ya iso Katsina, ƙananan hukumomi 13, mu da Kurfi da Safana da Batsari da Ɗanmusa da Ƙanƙara duk muna ciki. Gwamnatin Aminu Bello Masari ta haɗa da wasu dokokin. An hana sayar da mai a jarka, an rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, an dakatar da cinikin dabbobi a wasu kasuwanni, har masu shagon cajin waya aka ce su rufe. Sai a Disamba aka maido mana da sabis. Kusan wata uku kenan mutum sai ya hau mota ya bar garinsu kafin ya iya gaida ɗiyarshi da ke aure a Kano, ko ya ga alat ɗin kuɗin da aka turo mashi.

Dalilin da aka bayar kuwa kowa ya sani: infoma. Aka ce da waya ake shaida ma 'yan bindiga wane ya sayar da shanu, wane ya dawo daga tafiya, motar jami'an tsaro ta bi ta ina. Har yau in ka zauna majalisa za ka ji ana gardama ko matakin ya yi amfani. Wasu su ce hare-hare sun yi sauƙi, wasu su ce ai a lokacin ko an shigo garinku ba ka da yadda za ka kira a kawo ɗauki. Ni ba wannan gardamar na zo raba maku ba. Abin da nake so ku riƙe shi ne, gwamnati da kanta ta jera waya layi ɗaya da man fetur da babur, a cikin kayan da ɓarayin daji ba su iya aiki sai da su. To mu da aka maido mana da sabis, mun canza yadda muke riƙon wayar? Gaskiya ban gani ba. In ma akwai canji, ƙaruwa zubar da sirrin ya yi.

Bari in yi adalci tun yanzu, kada wani ya ce na ƙara gishiri. Mafi yawan bayanin da ke isa daji mutum ne ke kai shi, ɗan gari, wanda ya san gidanka ya san lokacin da kake rufe shago. Da ɗan gari akan ci gari. Ko a watan Oktoba na 2023, da aka shiga gidan haya a nan Dutsin-Ma cikin dare aka ɗauki ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya, 'yan sanda sun ce sun kama mutum ɗaya da suke zargin shi ya ba da bayani. Mutum ne, ba Facebook ba. Amma ku yi tunani, shi wannan mutumin, ta ina yake tattara nashi bayanin? A da sai ya zauna bakin kasuwa, ya yi tambaya, ya bi sawu, har wani ya lura da shi. Yanzu yana kwance a ɗakinshi yana duba sitatus ɗinka.

Ku ɗauki wayarku ku duba lambobi nawa ke ciki. Wani ɗari biyar, wani dubu da wani abu. Nawa ka sani a cikinsu sani na haƙiƙa? Akwai mai POS, akwai ɗan acaɓan da ya taɓa kai maka saƙo, akwai dillalin da kuka haɗu a kara sau ɗaya, akwai wanda ka ajiye da sunan "Mai Taki 2" ka ma manta fuskarshi. A WhatsApp, muddin ka ajiye lambar mutum shi ma ya ajiye taka, yana ganin sitatus ɗinka, sai fa in kai ka shiga ka taƙaita. Duk waɗannan su ne 'yan kallonka. Sai ka sa hoton buhunan masara jere a tsakar gida, "Alhamdulillah, noman bana ya yi albarka." Ka sa sabuwar mota da lambarta a fili. Ka sa bidiyon ɗanka yana cikin ƙanƙara a Ingila, ko ƙanenka da ya samu aiki a Saudiyya. Ka sa kana tasha, "Kano ta dabo, ga mu nan tafe," wato ka sanar da duniya yau maigida ba ya gida. Sitatus awa 24 yake yi ya ɓace, haka ne, amma wanda ke so ya ɗauki hoton allon wayarshi ya ajiye cikin daƙiƙa ɗaya.

Katin biki ma haka. Da can kati hannu da hannu ake kai shi. Yanzu an zana shi da sunan ango da amarya, da sunan iyaye, da rana da lokaci, da kwatancen gida har da "bayan masallaci, gida mai jan ƙofa," a watsa a zauren WhatsApp goma. Mata kuma, iyayena da ƙannena, ku yi haƙuri in faɗa: bidiyon lefe da ake buɗe akwati ɗaya bayan ɗaya ana nuna sarƙa ana faɗin kuɗinta, wallahi ba ƙawayenku kaɗai ke kallo ba.

Na san abin da wani zai ce. Shi kenan mutum ba zai yi murna da ni'imar da Allah ya ba shi ba? Yi murnarka. Amma kakanninmu da suka ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, ba su san intanet ba, kuma ba su zauna cikin irin halin da muke ciki ba. A wurin da ake ɗaukar mutum a yi cinikinshi kamar rago, abin da aka sani game da dukiyarka shi ne farashinka. Ku tambayi duk wanda ya taɓa zaman cinikin kuɗin fansa, Allah ya raba mu. Kana cewa ba ku da shi, ana ce maka ƙarya kake, ai kuna da ɗa a waje, ai kun sayar da fili. Wani lokaci wayar wanda aka ɗauka tana hannunsu, suna duba hotuna, suna duba saƙon banki, suna duba sunayen da aka ajiye: "Alhaji Abuja," "Yaya Kwastam," "Honarabul." Ko yadda kake ajiye sunan 'yan uwanka a waya bayani ne.

Daga nan sai maganar tara kuɗin fansa a soshiyal midiya, wadda ita ce mafi ciwo, don wanda ya yi ta ba don son ranshi ya yi ba. Kun tuna watan Janairu na 2024, 'yan mata 'yan gida ɗaya da aka ɗauka a Bwari ta Abuja. An nemi miliyan 60. Aka buɗe neman taimako a X, duk ƙasa ta ɗauka, kowa na yaɗawa. Aka kashe ɗaya daga cikinsu, Allah ya jiƙanta, aka ce kuɗi ya koma miliyan 100. Har ministan tsaro na lokacin, Badaru Abubakar, ya fito yana gargaɗi a daina tara kuɗin fansa a bainar jama'a. Ba ni da bakin zargin iyayen da ɗansu ke daji, duk ƙofar da suka gani za su ƙwanƙwasa. Amma mu da ke gefe, masu turawa, mu sani waɗanda ke riƙe da mutumin su ma suna da waya, suna ganin adadin da aka ce an tara. In za ka taimaka, nemi dangin ka ba su a hannu ko ka tura masu shiru. Kada ka rubuta "saura miliyan biyu a cika."

Kuma kada wani ya ɗauka mutanen daji ba su san kan waya ba. A 2024 jaridu sun yi ta ba da labarin 'yan bindiga da ke fitowa kai-tsaye a TikTok, da bindiga a kafaɗa, suna baje damman kuɗi, har suna cewa a turo lambar asusu za su yi kyauta. Abin da ya fi ba ni tsoro a labarin ba su ba ne, mutanenmu ne da suka riƙa jera lambobin asusunsu a ƙasa. Ɗan uwa, lambar asusunka tana fito da cikakken sunanka. In na OPay ne ko PalmPay, galibi lambar wayarka ce kanta aka cire sifirin farko. Ka miƙa ma ɗan bindiga sunanka da lambarka da hotonka da hannunka. Sannan ranar da hukuma ta bi sawun kuɗin, asusunka ne zai fito, a ce kuɗin fansa ya shiga wurinka. Naira dubu biyar ɗin ta isa ta fitar da kai?

Akwai kuma ɗaya gefen, wanda mu masu ganin muna taimakon gari muke yi. An ga motocin sojoji ko 'yan sa-kai na gwamnatin jiha sun nufi wani wuri, sai wani ya ɗauki bidiyo ya sa a zaure, "Jami'ai sun fita, Allah ya ba da sa'a." Zauren nan mutum ɗari biyu ne, ba ka san rabinsu ba. Ka yi aikin infoma kyauta, da kyakkyawar niyya. Haka wanda zai sa hoton wani a Facebook ya rubuta "wannan infoma ne, a yi hattara da shi." Wa ya bincika? A yanayin da zukata suke yanzu, wannan rubutun zai iya zama ajalin mutum kafin magariba, kuma ta yiwu gaba ce ta gona ko ta neman aure ta sa aka fara yaɗa shi. In kana da zargi na gaskiya, ga mai unguwa, ga hakimi, ga ofishin 'yan sanda. Ka faɗa a inda za a bincika.

To mu bar daji, mu dawo cikin gari, wurin ɓarayin da ba su riƙe bindiga.

A Disamba 2020, lokacin Isa Ali Pantami yana ministan sadarwa, aka ce kowa ya haɗa layinshi da lambar NIN. Kun tuna layin da aka sha a rana. A Afrilu 2022 aka toshe kira ga layukan da ba a haɗa ba, sama da miliyan 70. Manufar ita ce kowane layi a san mai shi. To ka juya maganar: duk abin da aka yi da layin da ke ɗauke da NIN ɗinka, kai ka yi, har sai ka wanke kanka. Shi ya sa nake roƙon matasa, wanda ya zo ya ce ka yi mashi rajistar layi da sunanka don nashi NIN ɗin ya samu matsala, ka ce a'a, ko abokinka ne. Wanda ya ce zai ba ka dubu biyu ka ba shi lambar NIN ɗinka da hotonka, ka san abin da yake saye ya fi dubu biyu nesa ba kusa ba. Da shi ake buɗe asusun da za a karɓi kuɗin damfara, da shi ake yin layin da za a kira dangin wanda aka sace.

Su kuma masu fom ɗin tallafi, wannan ya zama ruwan dare. A turo linki a zaure, an sa tambarin gwamnati ko hoton wani babban attajiri, wai ana raba dubu hamsin, cika sunanka da NIN da BVN da ranar haihuwa, sannan ka tura ma mutum ashirin. Wanne tallafin gwamnati ne sharaɗinshi ka tura ma mutum ashirin? A ƙauyuka ma ba linki ake bi ba, mutum ne ke zuwa da littafi da biro, ya tara tsofaffi da zawarawa a ƙofar gida, ya kwashe lambobinsu ya tafi, ba a sake ganinshi. In wani ya zo rubuta sunaye, a tambaye shi wa ya aiko shi, a kira kansila ko mai unguwa a tabbatar kafin kowa ya fito da katinshi.

Ba kuma ko da yaushe laifinmu ba ne, wannan ma sai an faɗa. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta fallasa wasu shafukan intanet da ke sayar da bayanan 'yan Najeriya, NIN da BVN da sauransu, a kan naira 100. Sun ce har takardar NIN ta ministan sadarwa Bosun Tijani sun saya don su nuna abin gaskiya ne. Hukumar NIMC ta ce ba a fasa rumbunta ba. Ko ma ta ina ya fita, ya fita. A 2021 ma an zubar da lambobin waya da sunayen masu Facebook sama da miliyan 500 a duniya, da 'yan Najeriya a ciki. Amfanin sanin wannan guda ɗaya ne. In wani ya kira ka ya faɗi cikakken sunanka, da ranar haihuwarka, da bankinka, kada wannan ya sa ka yarda ma'aikacin banki ne. Waɗannan duk ana sayensu. Abin da bai da shi, wanda ya sa ya kira ka, shi ne lambar sirrin katinka ko lambar da aka turo maka yanzu ta saƙo. Banki ba ya tambayar su. Da ka ji an tambaya, kashe wayarka.

Satar WhatsApp kuwa bari in tsaya a kanta, don ta cinye zaurukan makarantu da na masallatai da na ƙungiyoyin gari da yawa, kuma hanyar guda ce kullum. Ɓarawo ya sa lambarka a wayarshi kamar zai buɗe WhatsApp. Kamfanin ya turo lamba shida ta saƙo zuwa layinka, don ya tabbatar mai layin ne. Shi ɓarawon ba ya ganin saƙon, sai ya kira ka. Muryarshi a natse, da sallama, wani lokaci har ya ambaci sunan zauren da kake ciki. "Malam, akwai taron da za mu yi ta intanet ƙarfe takwas, an turo maka lambar shiga, karanto min in sa ka a jeri." Kana karantowa, WhatsApp ɗinka ya bar wayarka ya koma tashi. Nan take ya bi mutanenka ɗaya bayan ɗaya: "Don Allah ina asibiti, manhajar bankina ta ƙi, tura min dubu talatin ta wannan asusun, gobe zan maido." Da hotonka, da sunanka. Wani dattijo da na sani, mutum mai mutunci wanda bai taɓa roƙon kowa ba, saboda mutuncin nashi ne ma mutane suka yi ta turawa ba tambaya. Da kyar ya iya fita masallaci satin nan don kunya, alhali bai ci kwabon kowa ba. Daga zauren da ɓarawon ya shiga kuma zai ɗebi lambobin wasu ya sake kira, haka abin ke yaɗuwa.

Maganinta bai kai minti biyu ba. A cikin saitin WhatsApp, ƙarƙashin asusu, akwai wurin da aka rubuta Two-step verification, wato tabbaci mai hawa biyu. Ka sa lamba shida taka ta kanka, wadda ba shekarar haihuwarka ba ce. Ko an yaudare ka ka ba da ta saƙo, sai an nemi wannan. In kuma an riga an sace, kada ka tsaya kuka, sake sa lambarka a WhatsApp, za a turo sabuwar lamba shida zuwa layinka, kana sawa an fitar da shi. In ya riga ya sa tashi lambar sirrin, sai ka jira kwana bakwai, amma shi dai ya fita. Kafin nan a kira mutane da baki a shaida masu. Wanda kuma aka turo ma saƙon neman kuɗi, ko daga wa ya fito, kira shi ka ji muryarshi tukuna.

Sannan layin kanshi. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 kowa ya koma transfa, har mai ƙosai. Kuɗinka yanzu a layinka yake. Mai fizgen waya a kasuwa ko a tasha, sau da yawa ba wayar ce ta dame shi ba, sim ɗin yake so. Ya cire ya sa a wata wayar, ya danna lambar da ke nuna BVN, ya gwada lambobin bankuna har ya gano naka, saƙon tabbaci kuma hannunshi yake zuwa. Makullin allon wayarka bai hana wannan, don an fitar da sim ɗin daga ciki. Abin da ke hanawa shi ne sa ma sim ɗin kanshi lambar sirri. Yana cikin saitin waya, har ƙaramar waya mai tocila tana da shi. Sai dai a kula, in ka yi kuskure sau uku zai kulle, sai da lambar PUK da ke jikin katin da aka ɓallo sim ɗin. Wanda bai gane ba ya je ofishin kamfanin layinshi a yi mashi. In waya ta ɓace, banki za ka fara sanarwa a rufe asusu, sannan kamfanin layi, kafin ka fara zagayen neman wayar. Tsohon layin da ka yar kuma, ka sani kamfani na sake sayar da shi ga wani in ya daɗe ba a amfani da shi. In bankinka ko Facebook ɗinka na kan wannan layin, ka je ka canza.

A wurin mai POS, rufe hannunka in za ka danna lamba. Iyayenmu da ke miƙa kati su faɗi lambar da baki a gaban layi, 'ya'yansu su riƙa raka su. Yawancin masu POS yaranmu ne masu neman halak, amma ba su kaɗai ke tsaye a wurin ba.

Yanzu ƙannena mata, musamman ɗalibai na jami'a da na Kwalejin Isa Kaita. Tun 2007, da bidiyon wata 'yar fim ya fita daga waya a Kano, lokacin ma ta Bluetooth ake turawa, mun ga yadda abu ɗaya ke rushe rayuwar mace, ya bi ta shekara da shekaru, namijin da ke ciki kuwa a manta da shi. Yau abin ya fi sauri sau dubu. Hoton da kika tura ma saurayi ya bar hannunki har abada, ko da irin wanda ake buɗewa sau ɗaya ne, don ana iya ɗaukarshi da wata wayar. Soyayya na ƙarewa, hoto bai ƙarewa. Ba ma sai kin tura ba: waya ta lalace an kai gyara an ba da lambar buɗewa, ko an bar ta a shagon caji ba makulli, ko an sayar da ita ba a goge komai ba. Kafin ki ba da waya gyara, cire sim da katin ajiya, in gyaran allo ne ki tsaya a yi a gabanki.

In kuma wani ya riga ya riƙe hoto yana barazana, ki turo kuɗi ko ki zo ko in watsa, ki ji ni da kyau: biya bai ƙare maganar, wanda aka ba yau gobe zai dawo. Kada ki goge saƙonninshi, su ne shaida. Ki samu babba ɗaya da kika yarda da shi, uwa ko yaya ko malama, a kai ƙara. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta irin wannan barazanar. Mu kuma iyaye da yayye, in yarinya ta zo da wannan magana, ranar ba ranar duka da zagi ba ce. Tsoron abin da za mu yi ne ke sa su yi shiru har abin ya fi ƙarfinsu. Wanda kuma aka turo ma irin wannan bidiyo ya tura gaba, da shi da wanda ya fara saki duk ɗaya ne a wurina.

Manhajojin bashi, a taƙaice. Ka sauke, ta ce ka ba ta izinin ganin lambobin wayarka da hotunanka, ka danna amincewa don kana sauri. Ka yi jinkirin biyan dubu goma, sai surukinka da limaminku su ga saƙo da hotonka wai kai ɓarawo ne ana nemanka. A 2021 hukumar NITDA ta ci tarar kamfanin Soko naira miliyan 10 a kan irin wannan, a 2023 kuma Google ta hana manhajojin bashi shiga lambobi da hotuna. Amma waɗanda ake turowa ta linki ba su bi ta hannun Google ba, su ba ruwansu. Duk manhajar da ta nemi abin da bai shafi aikinta ba, tocila na neman lambobin mutanenka, hana ta.

Doka akwai. A Yuni 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, har da hukumarta. A 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta ci tarar Meta, mai Facebook da WhatsApp, dala miliyan 220, a kan yadda take sarrafa bayanan 'yan Najeriya. Yana da kyau. Amma tsakanin Abuja da Shema akwai nisa, kuma ba hukumar da za ta zo ta goge sitatus ɗinka. Dokar kuma kaifi biyu gare ta. Kun tuna ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse, Dutsen Jigawa ba tamu ba, da ya yi rubutu a Twitter kan Aisha Buhari a tsakiyar 2022, aka zo aka kama shi a Nuwamba, wata biyar bayan rubutun, sai da ƙasa ta yi ca aka janye ƙarar. Ni ina ganin kamun bai dace ba. Amma yaranmu masu buɗe shafi da sunan bogi suna zagin mutane su lura: layin da ka buɗe shafin da shi yana ɗauke da NIN ɗinka, kuma rubutu na nan yana jira ko ka manta da shi.

Wani ya turo tambaya makon jiya, ya ce shi hotunan 'ya'yanshi kawai yake sawa, su ma laifi ne? Ba laifi ba ne, Malam. Amma duba hoton da kyau kafin ka sa. Rigar makaranta da bajo a ƙirji ta faɗi inda yaron yake kullum daga safe zuwa azahar. Ka rubuta sunanshi, ka rubuta na uwarshi a gaisuwa. Wanda ya je ƙofar makarantar ya kira yaron da sunanshi, ya ce Abbanka ya aiko ni, me zai hana yaron ya bi shi? In don kakanni da gwaggwanni ne, WhatsApp ya ba ka zaɓi uku a sitatus: duk mutanenka, ko duk mutanenka ban da wasu, ko waɗanda ka zaɓa kaɗai. Ɗauki na ukun, ka zaɓi mutum ashirin ɗin da da ma don su kake sawa. Hoton tafiya kuma a bari sai an dawo gida.

Lokacinmu ya tafi. Masu shagon waya da masu caji na Dutsin-Ma da Kurfi, ina da roƙo gare ku: duk dattijon da ya kawo waya wannan makon, ku taimaka ku sa mashi makullin sim da na WhatsApp, amma ku miƙa mashi wayar shi ya danna lambar da hannunshi, ku kau da kai. Mai tambaya ya ajiye a ƙasan rubutun nan, amma don Allah kada kowa ya rubuta lambar wayarshi ko ta asusu a wurin. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu zauna kan farashin taki da masu sayar da na jabu. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya kuɓutar da waɗanda ke hannu. Wassalamu alaikum.